Filasta a Jikin Gora

Takarda goma sha bakwai Barista ta baje a kan teburinta, kuma a cikinsu babu ko ɗaya mai ɗauke da sa hannun Sista. Akwai fom ɗin shiga makaranta, akwai katin asibitin masu sikila, akwai shafukan rajistar ɗaukar yara bayan an tashi, har da takardar izinin zuwa kallon namun daji. Duk inda aka ce uwa ko mai riƙo ta sa hannu, hannun Gwaggo ne a wurin, wani karkataccen rubutu kamar inda kaza ta yi tono.

Sista ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata. Shekara tara tana miƙa wa likita wuƙa da almakashi, hannunta bai taɓa rawa ba.

Barista ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce wata uku da suka wuce kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a wata shari'ar riƙon yara, kuma tun daga ranar lissafin kowa ya canza. Kotun ta ce riƙo ba gadon uwa ba ne, ba kuma na uba ba. Alƙali zai duba wanda yake ɗawainiyar yaro yau da gobe, kuma a rubuce zai duba, ba a bakin mai kuka ba. Da wannan hukuncin Injiniya, tsohon mijin Sista, ya shigar da ƙara yana neman a ba shi Balbela. Aiki ya mayar da shi wani gari mai tafiyar yini guda a mota, yana so ya tafi da 'yarsa. Hujjarsa a taƙaice take: shekara uku ke nan danginsa ne ke riƙe da yarinyar, tunda yayarsa, Gwaggo, ita ce a makaranta, ita ce a asibiti. Uwar kuwa ko waya ba ta ɗauka.

Maganar wayar ita ce ta fi ci wa Sista rai, domin gaskiya ce. A ɗakin tiyata ba a shiga da waya. Kowa yana kulle tasa a loka kafin ya wanke hannu. Wata Laraba ciwo ya taso wa Balbela a aji, Gwaggo kuma ta tafi saro kaya, wayarta ba caji. Malamar ajin ta kira Sista sau goma sha ɗaya. A lokacin Sista tana tsaye kan wani tsoho da aka buɗe wa ciki, aikin da ya ci awa shida. Daga ƙarshe Injiniya aka samu. Shi ya zo ya tarar da 'yarsa a kan benci ta dunƙule tana cizon hannun rigarta. Sista ba ta ga laifinsa da ya tsorata ba. Ta san yadda idon Balbela yake komawa in ƙashi ya fara sara.

"Kuɗin ciyarwa fa?" Barista ta tambaya. "Ko rasit ɗaya, ko saƙon banki da zai nuna yana turo miki saboda yarinya tana hannunki?"

Sista ta ce babu. Ranar da suka rabu ta gaya masa ya riƙe kayansa, ita da albashinta sun ishi 'yarta.

Barista ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce girman kai rawanin tsiya ne, amma ba ta taɓa ganin wanda aka naɗa da kyau kamar wannan ba. Sannan ta faɗi abin da ya rage: lauyan Injiniya ya sa Gwaggo a cikin shaidunsa. In Gwaggo ta tsaya a kan abin da takardu suka nuna, to sai dai a fara haɗa wa Balbela akwati. Ta ce ita a matsayinta ba za ta ce a je a roƙi shaidar wani ba, amma ai kullum da safe Sista tana haɗuwa da Gwaggo, kuma gaisuwa ba laifi ba ce.

Sista ta ce ita ba ta roƙo. Barista ta ce ta lura.

Shekarar Balbela takwas. Dogayen ƙafafunta sirara ne suka jawo mata sunan, da kuma yadda take tsayawa da ƙafa ɗaya in gwiwa tana mata ciwo. Tun da aka gano tana da sikila, safiyar gidan ta zama iri ɗaya. Sista takan tashi da asuba ta ɗora ruwa, domin Balbela ba ta wanka da ruwan sanyi ko ana zafin da kare ke zaro harshe. Takan duba farin idonta a ƙarƙashin fitila, ta danna cikinta ta gefen hagu, ta sa mata ma'aunin zafi a hammata. Sai ƙwayoyi, sai kitso in ya tsufa, sai cika babbar gorar ruwa wadda dole ta ƙare kafin azahar.

Aikin ƙarshe shi ne filasta. A ɗakin tiyata duk abin da zai fita daga hannunka zuwa hannun wani sai ka yanki filasta ka manna masa, ka rubuta rana da lokaci da abin da ke ciki, ka sa haruffa biyu na farkon sunanka. Hannun Sista ya saba, har ba ta san tana yi ba. Kowace safiya sai ta yanko tsawon yatsa, ta manna a jikin gorar, ta rubuta zafin jikin yarinyar da maganin rana da abin da za a kula da shi. Da yamma gora takan dawo a wanke, ba filasta, ita kuma ba ta taɓa tambayar inda take zuwa ba.

Washegarin zuwanta wurin Barista, tana cikin rubutun, Balbela ta ɗago daga kofin shayinta.

"Umma, in na tafi garin Abba, wa zai riƙa rubuta min?"

Sista ta ce wa ya ce mata za ta tafi. Balbela ta ce ba wanda ya ce, ta dai ji Gwaggo tana waya tana cewa garin ma sanyi gare shi. Biro ya huda filastar. Sista ta ɓare ta, ta yanko wata, ta ce a yi sauri a sa safa, sun makara.

Shagon Gwaggo yana kallon ƙofar makarantar. Zare take sayarwa da maɓallai da zif da allurar keke. Wannan kusancin ne ya sa tun farko Sista ta rubuta adireshin shagon da lambar Gwaggo a fom. Asibitin sikila kuma ranar Talata yake zama, ranar da aka fi jera manyan ayyuka a tiyata, shi ya sa Gwaggo ce mai kai ta. A lokacin dabara ce mai kyau. Ko bayan rabuwar aure ba abin da ya canza, domin Gwaggo ta ce ita ba ta saki kowa ba.

Sai dai Gwaggo ce ta raini Injiniya tun mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida. Har yau in ya shigo shagon da katon cikinsa da makullin mota, takan ce masa ya sa rigarsa cikin wando da kyau. Wannan ce matar da za a ce ta tsaya gaban alƙali ta kunyata ƙaninta.

Sun tarar da ita tana jera ƙwaryar maɓallai. Ta karɓi jakar Balbela da gorar, ta dubi Sista ta ce 'yar boko yau ma a guje. Sista ta tsaya a bakin kanta, inda ta saba tsayawa, domin shekara uku ba ta taɓa samun minti biyar na shiga ciki ba. Ta ce, Yaya, an tashi lafiya.

Gwaggo ce ta taɓo maganar shari'ar. Ta ce an kawo mata sammaci, ɗan saƙon kotu ya karanta mata har sau biyu.

"Na sani, Yaya."

"Abin da aka tambaye ni shi zan faɗa. Ban iya ƙarya ba tun ina da haƙora."

"Ban ce ki yi ba."

Gwaggo ta dube ta kamar tana jiran ƙari. Sista ta duba agogo, ta ce motar ma'aikata za ta wuce ta. A cikin motar ta yi ta juya maganar. Abin da aka tambaye ta. To ai lauyan Injiniya ya san abin da zai tambaya da abin da zai bari.

Mako uku suka rage a shiga kotu, kuma ba ranar da ta wuce mata da sauƙi. Ta je wurin Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, neman takardar shaida, Matiron ta rubuta da zuciya ɗaya cewa a shekara tara Sista ba ta taɓa fashin aiki ba, ba ta taɓa fita ana tsakiyar tiyata ba. Barista ta karanta ta ninke ta sa a aljihun tebur, ta ce wannan in lauyan Injiniya ya gani har rawa zai taka. Ta ba ta shawara ta nemi a mayar da ita sashen duba marasa lafiya na waje, inda waya ke zama a aljihu, ko da na wata shida ne. Sista ta ce ta yi shekara biyu tana ƙarin karatu kafin a ba ta tiyata, kuma da wannan aikin take sayen maganin da ake gardama a kansa. Ba za ta sauka don a ce ta zama uwa ba. Ita uwa ce tun kafin a buga hukuncin.

Bakinta ne kawai yake da wannan ƙarfin. A wurin aiki ta fara jin kamar waya tana ruri a loka, ta bayan bango biyu da ƙofar ƙarfe. Wata rana za a rufe cikin wata mata, ta ƙirga audugar da aka yi amfani da ita ta samu tara maimakon goma. Ta sake ƙirgawa, tara. Likita ya tsaya da allura a hannu. Aka duba bokiti, aka duba ƙasa. Ashe ta goman tana dunƙule a cikin tafin hannunta na hagu. Likita ya dube ta kawai ta saman takunkumi, kuma da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi.

Ranar shari'a ta zo da hadari. Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya ce ke aiki, bencina suna ƙara in an motsa. Injiniya yana gefen dama, ya rame, bai ɗago ya dube ta ba. Gwaggo ta shigo a makare tana haki, rungume da wani abu mai faɗi da ta naɗe da tsohon zane. Ɗan sandan ƙofa ya so ya karɓa, ta ce masa ko mijinta marigayi bai taɓa ƙwace mata kaya a hannu ba. Ta jingine shi a ƙafarta. Sista ta ɗauka ko wani hoton Balbela ne mai gilashi, irin na ranar rabon kyaututtuka, wanda Gwaggo ce a tsaye a bayanta.

Sista aka fara kira. Lauyan Injiniya mutum ne mai taushin murya, yana tambaya kamar mai ba da haƙuri. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Wannan sa hannunki ne? A'a. Wannan fa? A'a. Sau goma sha bakwai ta ce a'a, har ta ji kalmar ta fita daga ma'anarta. Ta yi bayanin asuba da ruwan zafi da ƙwayoyi, ya saurara da ladabi, sannan ya tambaya ko akwai wanda yake ganin hakan ban da ita da yarinya. Babu.

"Tambaya ta ƙarshe, Sista. In gobe makaranta ta kira ki kina tiyata, za ki ɗauka?"

Barista ta koya mata amsar tun a ofis: za ta yi tsari, za ta nemi hanya. Sista ta dubi alƙalin, wani dattijo mai furfura a gira, wanda tun ɗazu yake rubutu bai ɗago ba.

"Ba zan ɗauka ba, ranka ya daɗe. Wanda ke kan tebur ma ɗan wani ne, kuma cikinsa a buɗe yake. Ba zan yi alƙawarin da na san zan karya ba."

Ta ji Barista ta sauke numfashi. Alƙali ya rubuta. Da ta koma benci ta san da bakinta ta miƙa 'yarta.

Aka kira Gwaggo. Ta ja kayanta har cikin akwatin shaida. Lauya ya gaishe ta da Hajiya, ta ce ba ta je ba tukuna, ya ce mata Gwaggo kawai kamar kowa. Ya tambaya ko ita ke ɗaukar yarinya daga makaranta. Ita ce. Ita ke kai ta asibiti? Ita ce. Waɗannan sa hannunta ne? Ta kanne ido ta duba, ta ce wannan mummunan rubutu ai ba mai shi sai ita. Kowace amsa tana sauka a ƙirjin Sista kamar ana jera mata bulo.

Da lauyan ya tsaya nan, da ya gama aikinsa. Amma ya ga hanya ta yi kyau, ya ƙara taku ɗaya.

"Wato ke kika san maganinta, ke kika san lokacin shansa, ke kike lura in jikinta ya canza."

"Ni?" in ji Gwaggo. "Ni da ko sunan maganin ba na iya faɗa sai harshena ya naɗe? Ni dai abin da aka rubuto nake bi."

Alƙali ya ɗago a karo na farko. Ya tambaya wa yake rubutowa, a ina kuma.

Gwaggo ta ce ai shi ya sa ta makara. Sammacin ya ce ta zo da duk wata takarda da ta shafi kula da yarinyar, ita kuwa ba ta da wata takarda sai wannan, kuma ta ƙi ɓaruwa, sai da ta aro sukudireba wurin mai gyaran keke. Ta kwance zanen. Murfin kabad ne na katako, da hannunsa da komai. Ta juya cikinsa ga alƙali.

Filasta ce. Daga sama har ƙasa, ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi, na ƙasan sun yi ja don tsufa, na saman farare. Sista ta gane rubutunta tun daga inda take zaune.

Lauya ya miƙe ya ce ba a gabatar da wannan a jerin hujjoji ba. Alƙali ya ce shaidarsa ce, sammacinsa ne, tambayarsa ce. Ya sa magatakarda ya ɗora murfin a kan tebur ya karanto. Magatakarda ya sunkuya yana bi da yatsa. Rana kaza, ƙarfe biyar da rabi, zafin jiki daidai, ƙwaya ɗaya bayan abincin rana, ta shanye gora kafin azahar. Rana kaza, ta kwana da ciwon gwiwa, na gasa mata, kada ta yi tsalle. Rana kaza, idonta ya ɗan yi ɗorawa, Yaya ki duba kalar fitsarinta ki gaya min. Ƙarƙashin kowace akwai haruffa biyu iri ɗaya.

Alƙali ya tambayi Gwaggo me ya sa ta tara su.

Ta ce a makon farko ta ɓare ɗaya ta jefa a kwandon shara, sai 'yar bokon nan ta gani ta yi mata wa'azi a bakin shago, gaban masu sayen zare, cewa a asibiti ba a yar da abin da aka rubuta sai mara lafiya ya warke. Ta ji haushi ƙwarai a ranar, har ta yi niyyar ramawa.

"To yarinya ba ta warke ba, ranka ya daɗe. Ni kuma ban yar ba. Ɗaya murfin ma ya cika, ƙarfina ne bai kai in ɗauko biyu ba."

Sista ta manta da wannan faɗan sam. Ta sunkuyar da kai tana kallon farin takalminta.

Amma lauyan Injiniya ba yaro ba ne. Ya nemi izini ya matso, ya yi ta bin ranaku har ya samo ta Larabar nan. Ya karanta da kansa, a hankali: jikinta da ɗan ɗumi, in ya ƙaru a kai ta asibiti, ina tiyata har la'asar. Ya juyo ya ce wato uwar ta san da zazzaɓi a jikin yarinya mai sikila, ta manna filasta ta tafi aikinta. Sista ta san haka aka yi. Ta auna a ranar, ta ga ɗumin bai kai ba, ta yi kuskure. Alƙali ya rubuta wannan ma, ya daɗe yana rubutawa. Sannan ya ce an karɓi murfin a matsayin hujja, a dawo bayan mako biyu a ji hukunci.

Da ana fita, Sista ta ga Injiniya ya tsaya gaban teburin magatakarda, hannayensa a baya, yana karanta filastar ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta tsaya kusa da shi da zanenta a ninke. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro. Bai juyo ba. Ya gama karatunsa ya fita ta ɗaya ƙofar.

Mako biyun nan Sista ba ta san yadda suka wuce ba. Abinci ya daina mata ɗanɗano. Ta sami kanta tana duba rigunan sanyin Balbela, tana ware waɗanda suka yi mata kaɗan, sai ta ankara da abin da take yi ta mayar da su ta rufe akwatin da ƙarfi. Barista ta ce ba ta san inda alƙalin ya karkata ba, filastar ta taimaka, ta Larabar kuma ta cije su. Kullum da safe Sista tana ajiye Balbela a shago, su gaisa da Gwaggo, ba mai tayar da zancen.

Ranar hukunci alƙali ya yi karatu na kusan awa guda da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ya ce takardun makaranta sun nuna wanda yake kusa da ƙofar makaranta ne kawai. Murfin kabad ya nuna wanda yake tashi da yarinya, yake kwana da ciwonta, yake ba da umarnin da sauran suke bi. Balbela za ta zauna wurin uwarta. Sista ta ji maganar kamar daga cikin ruwa, sai da Barista ta matse mata hannu.

Bai gama ba. Ya ce tsoron uban tsoro ne na gaskiya, kuma abin da ya faru ranar Laraba ba zai sake faruwa da izinin kotu ba. Cikin kwana bakwai uwar za ta kawo takarda daga asibitinsu mai ɗauke da lambar teburin tiyata da sunan wanda zai ɗauka ya shiga ya sanar da ita, a kuma nemi mai canjinta. Duk dogon hutu yarinya za ta yi shi wurin ubanta. Kuɗin ciyarwa kuma za ta karɓa ko tana so ko ba ta so. Nan ya dube ta ta saman tabarau ya ce ba nata ba ne balle ta yi fushi da shi, haƙƙin yarinya ne. Wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin ya ɗaukaka ƙara.

A bakin matakala Injiniya ya tsaya gabanta. Ta shirya jin baƙar magana. Sai ya ce, da murya ƙasa, bai san yarinyar tana kwana da ciwo haka ba, me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Sista ta ce bai taɓa tambaya ba, ita kuma ba ta iya kai ƙara ba. Ya gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko zai ɗaukaka. Ya ce lauyansa yana ganin akwai hanya, shi bai yanke ba tukuna. Ya wuce Gwaggo a tsaye kamar bai gan ta ba.

Washegari Sista ta tashi da asuba kamar kullum. Ta ɗora ruwa, ta duba ido, ta danna ciki, ta yanki filasta. Da suka isa shagon, maimakon ta tsaya a bakin kanta, sai ta ɗaga katakon ta shiga. Wurin ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Kabad yana tsaye da murfi ɗaya, ɗaya gefen a wangale, zare da zif a fili. A jikin bango kusa da shi an fara sabon layi, filasta goma sha huɗu.

Gwaggo ta ce kotu ta cinye mata murfi, magatakarda ya ce sai an gama kwana talatin, ga ɓeraye sun samu gidan haya kyauta. Ta ce in 'yar boko ta zo godiya ne ta riƙe kayarta, kafinta take nema.

Sista ta tambaya ko Injiniya ya kira ta. Gwaggo ta ci gaba da jera maɓallai, ta ce bai kira ba, amma ai ita ta raine shi, ta san tsawon fushinsa. Hannunta ya kuskure, maɓallai uku suka gangara ƙarƙashin kanta. Sista ta durƙusa da farar rigarta ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba mata a tafin hannu, ta ɗan riƙe hannun kafin ta saki.

"Yaya, in ya kira ki gaya min. Ko ina tiyata ne. Ga lambar teburin, za a shigo a faɗa min."

Ta ciro filasta daga aljihu, ta rubuta lambar, ta sa haruffanta biyu, ta manna a jikin murfin da ya rage. Gwaggo ta ce motar ma'aikata ta wuce tun ɗazu. Sista ta ce ta gani. Ta fito ta tsaya bakin titi tana neman tasi, tana lissafi a zuci. Saura kwana ashirin da tara.